Tsumma a Molon Wada

Duk wanda ya zauna a unguwar Mansur ta Makka zamanin da ake faɗaɗa Harami ya san Wada mai tsire. Larabawa kan yi cincirindo a tukubarsa, suna ci suna hawayen yaji suna neman ƙari. Ni tela ne, langa-langa ce kawai ta raba ɗakunanmu, don haka ko atishawa ya yi a kunnena take sauka.

Asalinsa makaɗin molo ne daga Damagaram. Akwai wani kiɗa da ya tsara tun yana saurayi, da shi ya shawo kan matarsa Ɗaso. A hanyarsu ta zuwa Makka sun tsaya ƙwadago a Sudan, injin gurzar auduga ya cinye masa manuniyar dama. Tun ranar molon ya koma kan ƙusa.

Wata hantsi Ɗaso na dakan yaji tana rera kiɗan nan a hanci, sai ta tsaya a tsakiya. Ta sake, ta kuma tsayawa. Sauran ya ɓace mata. Wada ya zo shagona.

"Malam, tsohuwar nan ta fara mantawa," in ji shi. "In ta manta, khalas, kiɗan ya mutu. A kaina yake, amma bakina ba molo ba ne."

Na kai shi wurin Abdulganiyyu, wani wanzami Bahadarme, mutumin Yaman, mai kaɗa udu, molon Larabawa, a ɓoye. Ya dubi hannun, ya fere gashin mikiya ya maƙala masa tsakanin babban yatsa da na tsakiya, ya riƙa kaɗa tsirkiya da shi.

"Tsirkiya uku gare ka," in ji wanzamin. "Ta farko ƙasa, ta biyu ƙasa, ta uku ka ɗauko ta sama. Shuwayya shuwayya, a hankali, ya shekh, ba nama kake sara ba!"

Ɗauko ta ukun nan ita ta hana Wada sakat. Hannun ya saba da wuƙa, ƙasa kawai ya sani. Ga kuma Ɗaso ta kafa doka: nan Makka ce, ba a jin kiɗa a titi, ba za a ja mata surutun maƙwabta ba. Ita da kanta ta cusa tsumma ƙarƙashin tsirkiyoyin don kashe sautin. Haka mutumin nan ya yi ta koyon kiɗan da shi kansa ba ya ji. Ni ne na sha wahala: ƙwas, ƙwas, ƙis, daga la'asar har magariba, kamar kaza na tsattsagar tire. Sau nawa na buga langa-langar na ce ya ji tsoron Allah! Amma ranar da ƙwas-ƙwas ɗin ya fara gangarowa sumul babu tuntuɓe, wallahi sai da na tsayar da keken ɗinki na saurara.

Da Hajji ya wuce gari ya yi sauƙi, ni da Wada da Ɗaso muka hau motar kankana zuwa Wadi Faɗima, molo a naɗe cikin tabarma. Muka sami inuwar dabino a wata gona nesa da mutane. Wada ya zare tsumman. Tsoro yake kada abin da ya koya a kurmance ya fito shirme.

Ya soma. Sautin ya zubo uku-uku, wani na bin wani.

"Ka cika sauri," in ji Ɗaso, ba ta ko ɗago kai daga butar shayi ba. "Da ba haka yake ba."

Ya sassauta. Ta kama rerawa a hanci. Suka iso daidai wurin da take maƙalewa, molon ya wuce, ita ma ta bi shi har ƙarshe. Sai ta dire butar, ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta tashi tantabarun gonar kaf, har mai gona ya sheƙo da gudu.

"Ɗaso, a hankali mana," in ji Wada yana dariya, hawaye na bin gemunsa. "Maƙwabta fa!"

Ta tsinci tsumman nan ta jefa cikin garwashin shayi.

"Sake daga farko," ta ce.