Dankure Mai Kallon Ƙafa

Idan ka taɓa zuwa biki a Birnin Kebbi inda ƙungiyarmu ta yi wasa, na san ka ga Tamba, don shi ne mai waƙa kuma shugabanmu, babbar rigarsa kaɗai ta isa ta sa ka gan shi. Wataƙila ka gan ni, Kalilu, ina zufa a bayan ganguna. Amma in na tambaye ka wane ne dogon mutumin nan da ke tsaye can gefe, rungume da jita mai tsirkiya huɗu, kansa a sunkuye, sai ka ce ba ka lura ba. To shi ne Dankure, kuma rashin lurar nan taku ce ta kusa raba shi da mu.

Haifaffen Argungu ne. Babansa masunci, mahaifiyarsa Ummu Hani kuwa, Allah ya jiƙanta, mai kiɗan ƙwarya ce a bukukuwan mata. Ita ke buga wadda ake kifawa a kan ruwa, mai amon nan da ake ji a ƙirji. Dankure bai gaji su ba. Yana ɗan shekara goma sha tara ya taho Birnin Kebbi ya koyi gyaran injin ban ruwa, kuma har yau ita ce sana'arsa. Manoman shinkafa na fadamar Ambursa sun fi masu biki saninsa nesa ba kusa ba. A shagon gyaran ne wani Bazabarme daga Gaya ta tsallaken iyaka ya nuna masa inda ake ɗora yatsu a jitar bes, ya yi wata biyu yana koya masa, da zai koma garinsu ya bar masa ita. Sauran duk shi ya koya wa kansa.

Bes ba ta kuka irin na sauran jita. Muryarta a ƙasa take, mai kauri, ita ke riƙe kiɗi kada ya watse, amma mutum sai ya yi ta rawa a kanta bai san da ita ba. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, kuma ba a samun su a nan sai an yi saƙo daga Kudu. Idan suka dushe saboda zufa da ƙura, Dankure sai ya kwance su ya dafa a ruwan zafi, ya shanya, ya mayar, muryar ta dawo. Matarsa Safiyatu ta taɓa buɗe tukunyarta ta miya ta tarar da wayoyi suna tafasa. Ranar duk unguwarsu ta Gwadangaji an ji faɗansu, washegari ta saya masa tasa tukunyar ta ce kada ta ƙara ganin hannunsa a kayanta. Sifikarsa kuwa shi ya haɗa ta da kansa, wani kafinta ya yi masa akwatin da katako mai kauri. Ta fi buhun shinkafa nauyi. Masu keke napep na unguwarsu in sun hango shi a bakin titi da ita, sai su kau da kai kamar ba su gan shi ba.

Mun yi wa kowane irin taro wasa. Ma'aikatan gwamnati a walimar ritaya, waɗanda ke zaune ƙyam suna kaɗa ƙafa ɗaya a ƙarƙashin tebur. Ɗaliban kwaleji masu son a yi ta gudu har hannuna ya sage. Sai matan biki, su ne suka san kiɗi, su ne kuma ba sa yi wa makaɗi kara. A duk wuraren nan ban taɓa ganin wanda ya nufi Dankure ya yaba masa ba. Wani dattijo ma ya taɓa zuwa cikin tausayi ya tambaye shi ko jitarsa ta lalace ne, don tun ɗazu yana ganin yatsunsa na motsi amma bai ji komai ba. Dankure ya ce masa, "Ana gyara, Baba." Ni na ji haushi, shi dariya ya yi.

Abin da ya fi ba Tamba haushi shi ne sunkuyon. Kullum faɗansa ke nan: ka ɗaga kai, ka yi wa mutane fara'a, kana tsaye kamar wanda ya yar da allura. Mutane sun ɗauka kunya ce. Ni da na yi shekara goma sha huɗu ina bugu a gefensa na san ba kunya ba ce, ƙafafun masu rawa yake kallo. Abin da ya koya ke nan a gefen uwarsa: makaɗi ba ya sa wa mai rawa doka, ƙafa ita ke faɗin inda kiɗi zai sauka. Shi yana bin ƙafa, ni ina bin sa, sauran suna bin mu ba su sani ba.

Bara Izzuddeen, mai buga mana fiyano, ya sami sabon fiyano irin na zamani. Ba shi da mugun nufi, abin ne ya burge shi. Ka danna maɓalli ɗaya, bes ta fito da kanta tana tafiya daidai, ba gajiya ba kuskure. Tamba ya kasa kunne sosai, ni kuwa na san sauraron nan ba na alheri ba ne. Ranar Talata bayan mun gama gwaji ya kira Dankure a gabanmu.

"Dankure, ba ni son ɓoye-ɓoye," in ji Tamba. "Fiyanon ga na yin abin da kaka yi, kuma bai cin wurin mutum biyu cikin mota. Assabar muna da biki Argungu. Ka taho da kayanka duka, ka tsaya inda ka saba, amma kar ka sa wayar jitarka. In wani ya lura babu kai cikin kiɗin, ka zamna. In ba wanda ya lura, sai mu rabu lahiya."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Oga, a garinsu? Gaban mutanen da sunka san uwatai?" Tamba ya ce in yi shiru ko in bi Dankure. Da na so in ƙara, Dankure ya dafa kafaɗata ya ce, "Ba komi, Oga. Allah shi kai mu." Haƙurin mutumin nan wani lokaci har haushi yake ba ni. A hanya na yi ta zuga shi ya ajiye aikin da kansa kafin a wulaƙanta shi. Ya ce shi abu biyu ya iya a duniya, ɗaya na ci da iyali, ɗaya na ransa, kuma ba zai yar da na ransa da hannunsa ba.

Ranar Asabar muka isa Argungu bayan azahar. Gidan masunta ne, an kafa rumfuna a ƙofar gida, mata sun cika wuri, ƙanshin turare ya haɗu da na bandar kifi. Bayan la'asar muka fara. Dankure ya jera kayansa, ya kunna amfilifaya, na'urar ƙara sauti, ya rataya jitarsa, kan wayar kuwa yana ƙasa kusa da takalminsa. Izzuddeen ya danna maɓallinsa. Gaskiya ɗaya ce, kiɗi ya tashi. 'Yan mata ƙawayen amarya suka cika fili, aka yi waƙa ɗaya, biyu, uku, ba wanda ya ko kalli gefen Dankure. Tamba ya waiwayo ya dube ni, irin kallon nan na ka gani ko. Ni da nake bugu da hannuna na koma bin inji, kuma duk bugun da na yi ji nake kamar ni nake kora abokina gida.

A waƙa ta huɗu aka ce a ba kakar amarya fili. Sunanta Laure, tsohuwar mai bandar kifi, gwiwarta ta hagu ta daɗe da lalacewa. Ta fito da sandarta tana tsokanar amarya, wai yau za ta nuna wa ango wadda ta fi iya rawa tsakaninta da kishiyarta. Aka yi guɗa. Ta miƙa wa wata sandar, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta ɗaga ƙafa. Kafin ta sauke, kiɗi ya wuce ta. Ta sake gwadawa, ya sake wucewa. Sai ga tsohuwa tsaye tsakiyar fili hannu a sama, 'yan mata sun ɗaga wayoyi suna ɗauka, wasu sun fara ƙyalƙyala dariya. Na ga amarya ta sunkuyar da kai.

Laure ba ta koma ta zauna ba. Ta ɗingisa har gaban Tamba ta ce, kowa na ji don makirufo na kusa, "Kai ɗan nan, wanga kiɗi naku ga kunne ɗai yaka tsayawa, bai sauka ƙugu. Wa kuka yi ma shi?"

"Yi haƙuri, Inna, yanzu za a gyara," in ji Tamba. Ya yi wa Izzuddeen alama ya rage gudu. Izzuddeen ya rage. Laure ta koma ta gwada, abin ya ƙi. Ya ƙara ragewa har kiɗin ya koma kamar tafiyar hawainiya, duk da haka ya ƙi. Ai ba gudu ne matsalar ba. Takun tsohuwar ba daidai yake ba, ƙafar dama ta yi dogo, ta hagu ta yi gajere ta ɗan jira. Inji kuwa bai san ɗingishi ba.

Ban ga lokacin da Dankure ya sunkuya ya ɗauki wayar ba. Ƙarar shigarta kawai na ji. Bai nemi izinin kowa ba, bai ma kalli Tamba ba. Ya ce wa Izzuddeen a hankali, "Kashe naka." Ya kafa ido a ƙafafun Laure, ya jira ta ɗaga ta dama, tana saukewa ya sauke mata amo ɗaya mai kauri. Ta ja ta hagu, ya ja tare da ita, ya jira inda ta jira. Dogo, gajere, jira. Na ajiye sanda ɗaya na bi shi da tafin hannu. Zuwa taku na shida ɗingishin nan ya zama rawa, kai ka ce da ma haka aka tsara kiɗin. Kafaɗun tsohuwa suka saki, ta lumshe ido, ta fara juya ƙugu tana nuna amarya da baki.

Dariya ta tsaya, guɗa ta tashi. Tsofaffin da tun da muka fara suke zaune a kan tabarma suna kallonmu kamar masu tallan magani suka fara miƙewa ɗaya bayan ɗaya. Amarya ta taso da gudu ta rungume kakarta, suka yi rawar tare, ita ma tana bin takun tsohuwar. Tamba mawaƙi ne na gaske, wannan ba zan hana shi ba. Ya saurari abin da muke yi, ya ɗora waƙa a kai nan take yana kiran sunan Laure. Ni dai ina bugu idona na cika da hawaye, ban kuma ji kunyar kowa ba.

Da aka tsaya, Laure ta karɓi sandarta ta nufo mu tana haki. Ta wuce Tamba, ta wuce ni, ta tsaya gaban Dankure. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Kai na kab bi ni," in ji ta. "Ɗan wa?"

"Ɗan Ummu Hani mai ƙwarya, Inna."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Allah shi jiƙan ta. Allah shi yi ma albarka." Ta dafa kansa ta koma wurinta.

Muka ƙarasa wasan da Dankure a ciki, ba wanda ya ce ya cire waya. Kafin magariba muka fara kwashe kaya. Na san halin Tamba, ya fi son ya haɗiye garwashi da ya amsa kuskurensa. Yana kuma iya cewa an karya masa doka. Dankure ya naɗe wayoyinsa, ya sa jita a jaka, ya sunkuya zai ɗauki sifika. Sai na ga Tamba, wanda ko makirufonsa ba ya ɗauka da kansa, ya tattare hannun babbar rigarsa ta shadda ya kama gefe ɗaya.

"Kama can," ya ce.

Suka ɗaga. Taku uku Tamba ya yi ya fara nishi. "Wanga abu haka yake da nauyi? Shekara nawa kana ɗaukar shi kai ɗai?"

"Sha huɗu, Oga."

Suka kai bakin mota suka tura ta ciki. Tamba ya tsaya yana kakkaɓe rigarsa, bai kalli kowa ba, ya ce, "To daga yau mu biyu za mu riƙa ɗauka."

Har yau bai saɓa ba. Yana mita, yana cewa bayansa zai karye, yana zagin kafintan da ya yi akwatin, amma duk inda muka je wasa shi ke kama gefe ɗaya.