Ranar da Aka Ɓoye wa Farfesa Marasa Lafiya

A shekarun da gwamnati ta fara tsuke bakin aljihu, ni ke riƙe da ƙaramin ɗakin gwaji na jami'a a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Aikinmu binciken tsargiya, cutar fitsarin jini da manoman rani ke kwasowa daga ruwan kanal. Kayan aiki kuwa, madubin duba ƙwayoyin cuta ɗaya ne tal, sai firij mai kananzir da ke yin sanyi in ya ga dama. Jami'a ta aiko cewa in ba mu samu babban likita mai bincike da zai jagorance mu ba, za a rufe wurin kafin damina.

Da ƙyar na shawo kan wani farfesa ya zo ya gani. Abokan aikinsa duk sun kama hanyar Saudiyya, shi ma ƙafarsa ɗaya tana waje. Ba ni da albashin da zan yi masa tayi, amma ko gezau ban yi ba, don na san abin da ke kama irinsu aiki ne, mu kuwa muna da shi jibge. Na je na gaya wa mai gari cewa babban baƙo na tafe, kuma zamansa alheri ne ga kowa.

Kuskurena ke nan, ban yi masa bayani ba. Mai gari ya yi nasa tunanin: wa zai yarda ya zauna a garin cuta? Ya sa aka share gari tas, aka ce duk mai ciwo ya lafe a ɗaka. Muka zaga da farfesa, kowa ya ci ado kamar ranar Juma'a. Duk wanda farfesa ya tambaya ko yana ganin jini, sai ya ce, "Mu nan, ranka ya daɗe, sai godiya." Har da wani dattijo mai noman albasa wanda ni da hannuna na gwada fitsarinsa shekaranjiya!

Farfesa ya dube ni ya ce, "Malam, ka ce mini gari na fama. Ni dai ban ga aikina a nan ba."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ja shi muka koma ƙofar mai gari, na durƙusa a gaban jama'a na ce, "Allah ya ja zamaninka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wannan baƙo ba kwalliya ya zo kallo ba, ciwo ya zo nema. In ya tafi, mu ma mun tafi, ku kuma kuna nan da ruwan kanal."

A raina na ce yau na taro wa kaina. Sai mai gari ya miƙo hannu.

"Ba ni kwalbar taku ta gwajin fitsari," in ji shi. "A fara da ni. Damina uku ke nan ina ganin jinin, ko mai ɗakina ban gaya wa ba."

Kafin azahar layin magidanta ya wuce bakin masallaci, kwalabe suka ƙare, aka koma wankewa ana sakewa. Farfesa ya tuɓe babbar riga, ya karɓe mini kujera, bai ɗago kai daga madubi ba sai da aka kira la'asar. Ya murza idanu ya ce, "Malam, gobe ƙarfe nawa muke buɗewa?"