Ɗigon Jan Farce a Injin Bindigata

Mahaifina mai gyaran rediyo ne a Maradi, kuma ban da taurin kai, abu ɗaya na gada a wurinsa: duk sabon ƙarfen da ya sa a kayan mutum sai ya ɗiga masa fenti, don kada gobe a ce ya yi musanya. Ni ma da nake gyaran waya a wani ɗan shago a Harlem haka nake yi, sai dai ni da jan farcen matata nake ɗigawa.

Wasan bindigar roba kuwa aminina ne ya koya min, mutumin zangon Kumasi, wanda ya shimfiɗa min katifa a ɗakinsa a Morris Heights shekarar da na sauka ban san kowa ba. Bindiga ce mai aiki da batir, tana harba 'yan ƙwallayen roba. Da gemunmu da komai muke zuwa wani fili a New Jersey ranar Lahadi, muna ɓuya bayan tsofaffin tayoyi. Dokar birnin nan ba ta yarda ka ajiye irinta a gida ba, shi kuma ya riga ya koma New Jersey, ƙetaren kogi, don haka tawa a garejinsa take kwana. Amana ce tsakanina da shi, ban taɓa kawo komai a raina ba.

Wata bazara na ƙara mata ƙarfi. Na sa sifirin mai tauri, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke cilla ƙwallo, na sa sabon inji a cikin mariƙinta don ya iya jan sifirin ɗin. Lahadin farko ta yi ta ɓarin wuta har abokan wasa suka kewaye ni. Lahadi ta biyu sai ta koma nishi kamar tsohuwar keken ɗinki. In na ja kunama ta yi gurnani, ta tofo ƙwallo biyu, ta tsaya.

Sati uku ina fama a garejin nan. Na sauya batir, na goge bututu, na canza robar da ke riƙe iska. Shi yana tsaye a kaina da kofin shayi yana ba da shawara.

"Chale, battery ne," in ji shi. Da na kawo sabo ya ce, "To wiring ne. Bindiga ba phone ba ne, ɗan'uwa."

Sau biyu na kai sukundireba kan mariƙin, yana cewa, "Bar wannan, brand new ne, me zai same shi?" Ni kuma uban 'yan yarda, sai in bari. A fili aka sa min suna likitan da ya kashe majinyacinsa, kuma shi ya fi kowa dariya. Na yi ta yaƙe, amma abin ya ci min rai, har na fara zargin hannuna.

Lahadi ta biyar bindigar aminin nawa ta ɗauke ana tsakiyar wasa. Wani ya ce a ba likita ya gwada sa'a, ya fizge ta ya miƙo min kafin mai ita ya buɗe baki. Na kwance noti biyu na ƙasan mariƙin. Waya ce kawai ta zame. A gindin injin kuma ga ɗigo ja, nawa, na kwalbar matata. Ashe tsohon injinsa ne ya sa min, shi ne ya kasa jan sifirin.

Na mayar da wayar, na ɗaure, na miƙa masa.

"Aro na yi," ya ce a hankali. "Na so in mayar."

"Da ka tambaya, wallahi da kyauta zan ba ka," na ce.

Injin ba komai ba ne, ana sayar da shi ko'ina. Abin da ya ƙona min zuciya sati ukun nan ne, da ya tsaya da shayinsa yana kallona ina neman abin da ya san inda yake. Ranar a bas na koma gida, ban shiga motarsa ba.

Bayan kwana biyu ya kawo injin shago cikin leda lokacin da na tafi sallar azahar, ya bar wa maƙwabcina ba ko saƙon gaisuwa. Yana nan a aljihun teburina. Bindigar kuma tana garejinsa har yau, don ba ni da wani wurin ajiya a ƙasar nan, kuma ban ƙara neman wani ba.