Ɗauko Balkisu Daga Gidan Mai Ɗori

Jega, ranar Asabar

Ina idar da sallar asuba na ɗauki jakata na fito daga gidanmu da ke Jega Magaji, gari bai gama wayewa ba. Aliero na nufa, wurin Balkisu 'yar ƙanena Garba, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya. Babur ne ya kaɗe ta a hanyar makaranta a Maiyama inda suke zaune, ya karya mata cinya, tun kafin azumi take kwance a gidan wani mai ɗori. Garba ya yi mini waya cewa ran Lahadi za a sallame ta. Ni malamar firamare ce, sai ƙarshen mako nake samun kaina, don haka na ce zan je in kwana mu raka ta gida.

A jakar na sa soyayyen kifi da ƙuliƙuli da littattafai biyu daga kwalin da nake ajiyewa a ajina. Ɗaya na tatsuniyoyi ne. Ɗayan siriri ne, a wurin mai sayar da littattafai na kasuwa na saye shi bara, labarin wata yarinya da shan inna ya taɓa wa ƙafa, yara suna yi mata dariya a makaranta. A bangonsa an zana ta riƙe da sanda. Sau biyu ina fitar da shi daga jakar ina mayarwa.

A tasha na tarar da ƙaramar mota saura mutum biyu. Direban, wani dattijo mai surutu, ya karɓi kuɗina ya cusa ni gaba tare da wata mata mai kaji.

"Hajiya, albasa za ki saye ko ɗori za ki?" in ji shi.

Na ce masa dubiya za ni.

"To ɗori ke nan. Duk wanda yah hau motag ga da sahe, ɗayan biyun ga na."

Hanyar ba ta da nisa. Mun tsaya a shinge ɗaya, aka leƙo, aka gaisa, aka ɗaga mana hannu. Tun kafin mu ga gidajen Aliero warin albasa ya tare mu, ga buhuna jibge a bakin titi ana lodi. Rana na fara ɗagawa na sauka.

Aliero

Ɗan kabu-kabu ya kai ni ƙofar gidan ba tare da na yi dogon kwatance ba. Gida ne mai faɗi, ɗakuna a jere, kowanne da majinyaci da mai jinyarsa. Wasu daga nesa suka zo, har da waɗanda ba sa jin Hausa. A ƙarƙashin rumfa yara uku na zaune da hannuwa ɗaure cikin kara, suna gardamar wanda karayarsa ta fi muni.

Balkisu na zaune a kan tabarma, ta rame amma fuskarta fes. An kwance mata ɗorin, ga sabuwar sanda jingine da bango. Uwarta Saratu ta kawo mini fura, muka gaisa, na zazzage tsaraba. Da na fito da littattafan, hannun Garba ya riga na yarinyar. Ya dubi bangon siririn nan, fuskarsa ta canza, ya naɗe shi ya sa a aljihun rigarsa, ya ce in zo waje.

"Haba Yaya! Mi ak wanga? Mugun hwata za ki yi ma ɗiyata?"

Na ce masa littafi ne, ba addu'a ba.

"Nan gidan ba a hwaɗin hakanan. Kowa ce mata shikai za ta warke sarai."

Na tambaye shi abin da mai ɗori ya ce. Ya sassauta murya. Ashe tun makon jiya mai ɗorin ya kira shi gefe ya gaya masa gaskiya: ƙashi ya haɗe, amma inda ya ruguje ba ya komawa yadda yake, ƙafar hagu ta gajarta, ɗingishin ya zauna ke nan. Garba ya roƙe shi kada ya gaya wa yarinyar. Shirinsa shi ne a kai ta gida ta zauna a ɗaki, makaranta kuwa sai ta warke sarai.

Na ce, "Garba, sai ta warke sarai? Kai da kas san ba ta warkewa sarai? Ai ka hidda ta makaranta ke nan."

"Ba ni iya ganin ɗiyan mutane na bin ta suna kwaikwayon tahiyatta," in ji shi, idonsa ya kawo ruwa.

Duk wanda ya san ni ya san bakina ba ya da birki, kuma ni na goyi Garba, ina da damar in wanke shi tas. Amma tausayinsa ya kama ni, na haɗiye maganata, na koma ɗaki raina a jagule.

Da azahar Garba ya tafi masallaci, Saratu ta fita sayo itace. Balkisu ta leƙa ƙofa, sannan ta ce in matso. Ta jingina bayanta da bango ta miƙe ƙafafunta a kan tabarmar, mai ratsin ja da kore.

"Goggo, duba. Wagga ta kai ga jan zane. Wagga ba ta kai ba."

Na duba. Diddigen dama na kan jan ratsi, na hagu ya tsaya a baya da kamar faɗin yatsu uku.

"Kullum da sahe ina aunawa," ta ce. "Ba ta ƙaruwa. Amma kak ki gaya ma Baba na sani, kuka za shi yi."

Wato iyaye na ɓoye wa 'ya, 'ya na ɓoye wa iyaye, duk a ɗaki ɗaya mai tabarma biyu. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba, ni da na zo lallashi. Sai ta tambaye ni ko yarinyar da ke bangon littafin nan ita ma babur ne ya kaɗe ta. Ashe ta gani.

Ban yi mata alkawarin yin shiru ba, kuma ban yi shirun ba. Na tare Garba a zaure yana dawowa, na gaya masa zancen tabarma, ban ƙara ko kalma ɗaya tawa ba. Ya daɗe tsaye yana kallon ƙasa, ya juya ya fita. Sai bayan la'asar ya shigo, ya zaro littafin daga aljihu, duk ya lanƙwashe ya jiƙe da gumi, ya ajiye a gefen 'yarsa ya koma bakin ƙofa ya zauna.

Na zaci daga farko za ta fara. Ina! Shafin ƙarshe ta buɗe. Ta ƙura wa hoton ido.

"Goggo, ba ta warke ba. Ga sandar nan har yanzu."

Na ce haka ne. Na tambaye ta a ina yarinyar take zaune.

"Cikin aji. Benci na gaba."

Sai ta koma shafin farko ta fara karantawa da ƙarfi, a hankali, tana bin layi da yatsa. Yaran rumfa suka taso suka cika ƙofa. A labarin, yarinyar kan ɓoye sandarta a bayan ƙyauren aji don kada a gani, ta riƙa dafa bango, har ranar da ta faɗi. Da aka zo inda yara ke kiranta mai ƙafa uku, ɗaya daga cikin masu ɗaurarren hannu ya yi dariya, sauran suka harare shi, ya kama kansa. Babu wani abin al'ajabi da ya faru a ƙarshe. Masu tsokana sun gaji, ta yi ƙawaye biyu, ta daina ɓoye sandar. Garba na bakin ƙofa yana saurare har ta rufe.

Mun ci tuwon shinkafa da miyar kuka da Saratu ta yi a murhun tsakar gida. Na kwana a tabarma ta biyu, zafi ya hana ni barcin kirki.

Daga Aliero zuwa Maiyama, ranar Lahadi

Da hantsi mai ɗori ya zo, dattijo mai sanyin magana. Ya taɓa cinyar, ya sa ta ta taka zuwa rumfa ta dawo, ya yi mata addu'a, ya ce ta riƙa tafiya kullum kada ta zauna wuri ɗaya. Muka yi godiya, muka bi ɗakuna muna sallama da maƙwabtan jinya.

Garba ya yi shatar mota, don ba ya son a yi ta sauyin mota da ita a tasha. Hanyar Maiyama sai an koma ta Jega, a nan muka tsaya ya sayi burodi da lemo na masu zuwa sannu, ni kuma na wuce ƙofar unguwarmu ina kallo ban sauka ba. Daga nan muka miƙi hanyar kudu. Gonaki duk a share ana jiran ruwan farko. Balkisu na baya tsakanina da uwarta, littafin a cinyarta, sandar a kwance a ƙafafunmu.

Da muka shiga Maiyama, Garba ya ce wa direba ya bi ta lungun baya ya manna motar da ƙofar gida, shi zai ɗauke ta ya shigar. A bakin layinsu kuwa yara ne cike a gindin dalbejiya, an taso daga Islamiyya.

"Baba," in ji Balkisu, "a sauke ni nan."

"Da nisa, ɗiyata."

"Mai ɗori ya ce in dinga tahiya."

Direba ya dubi Garba. Garba ya waiwayo ya dube ni, ni kuwa na mai da idona taga, don wannan ba tawa ba ce. Can ya ce, "Tsaya."

Ta sauko da kanta, ta gyara hijabi, ta kafa sandar a ƙasa. Yaran suka hango ta, suka rugo. Ta fara takawa, kafaɗarta na sauka hagu da kowane taki, kowa na gani. Wani ƙaramin yaro ya fara karkace jiki yana kwaikwayonta, yayarsa ta kai masa ranƙwashi. Garba na biye da ita, hannuwansa a buɗe kamar mai bin yaron da ke koyon tafiya, amma bai taɓa ta ba.

Wata ƙawarta 'yar ajinsu ta karɓi littafin ta riƙe mata, ta ce, "Balkisu, yaushe za ki warke ki dawo makaranta?"

"Na warke," in ji ta. "Hakanan ƙahwar za ta zamna. Gobe ki biyo mani."

Ina jin Garba ya ja dogon numfashi. Bai ce a'a ba.

Komawa Jega

Na ci dambu a gidan, na yi la'asar, na ce zan kama hanya don gobe ina da aji. Garba ya raka ni bakin titi ɗauke da ƙullin albasa. Muna jiran mota ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Yaya, littahin nan... ki bam mata shi."

Na ce ai tun jiya ya fita hannuna.

Motar da na samu ta 'yan kasuwa ce, mun tsaya sau uku ana sauke kaya, na iso gida ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da ni lafiya. Na gode wa dattijon da ya ɗora ƙashin bai kuma ɓoye gaskiya ba, da Saratu da ta yi watanni a kan tabarma, da wanda ya rubuta ɗan littafin nan, ban san shi ba, amma Allah ya saka masa da ya bar yarinyar da sandarta.

Ran Litinin ina tsakiyar darasi wayata ta yi ƙara, na fita baranda. Garba ne. Ya ce da kansa ya raka ta har ƙofar makaranta, ya laɓe ta taga yana leƙe. Na tambaye shi me ya gani.

"Tana benci na gaba," ya ce. "Sandar na jingine ga teburinta, inda kowa ka gani."