Baba Kura da Fulogi Ukun Baya

Kafin shagunan bakin tasha su buɗe a Kazaure, Baba Kura makaniki ya riga ya share gindin darbejiyarsa, ya jera sifanu a kan buhu, ya zauna da kofin koko. Ba ya taɓa mota sai ya ji muryarta. "Tayar da ita, ka yi mini shiru," haka yake ce wa kowane direba. Ana cewa yana da nawa wajen aiki. Gaskiya ne, kuma ko a jikinsa. Bana zai ajiye aiki don idanu sun gaji, bai kuwa kamata ya koma gida shiru ba.

Mutanen wani ƙauye a bayan Roni suna da tsohuwar mota guda da suka haɗa hannu suka saya don kai marasa lafiya asibiti. Injinta mai silinda shida ne, uku gaba uku baya. Tsakaninsu da kwalta akwai wani hawa mai duwatsu, motar kuma ta fara gaza shi, sai an sauka an tura. Hankalin Ashiru direbanta ya tashi, domin cikin matarsa Zubaida ya tsufa, ungozoma kuma ta ce wannan haihuwa ba ta gida ba ce. Duk garejin da ya je magana ɗaya ce, a sa inji ɗan Kwatano. Ƙauyen kuwa ko gero ba a yanka ba, balle a samu kuɗin inji.

"Baba, ƙarfinta ya ƙare," in ji Ashiru da ya kawo motar gindin darbejiya.

"Yaushe rabonka da canza fulogi?"

"Ai ko watan jiya an canza."

"Tsofaffin, nawa aka miƙo maka?"

"Uku."

"Ɗana, shida gare ta."

A irin wannan inji ukun gaba a fili suke. Ukun baya kuwa sai an kwance duk abin da ke kansu, ga direba a tsaye yana cewa a yi sauri. Shi ya sa kowa ke canza na gaba ya rufe bonet. Baba Kura ya wuni a sunkuye, ya zaro ukun nan baƙi ƙirin, bakinsu ya cinye. Ya ɗaura sababbi, ya wanke nozul masu fesa mai, ya sa sabuwar matatar iska, shi ke nan sayayyar. Bai tsaya nan ba. Ya sa aka loda buhunan masara, ya shiga gaba, suka je har gindin hawan ya ga ta haye da idonsa. Duk da haka ya dawo da fargaba, don a busasshiyar ƙasa suka gwada.

Naƙuda ta zo da rana tsaka ana tafka ruwa. Ashiru ya ce da ya iso hawan ya taka totur yana salati, mata na kuka a baya. Motar ta yi gurnani ta haye ba ta ko yi tari ba. Aka yi wa Zubaida aiki, ita da 'yarta suka tashi lafiya.

Da labarin ya iso gindin darbejiya, Baba Kura ya ajiye sifana ya zauna, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. Tun ranar, duk hadarin da ya haɗu sai gabana ya faɗi." Ya share ido da bayan hannu, sannan ya ce, "To, a giya ta nawa ta hau?"

Baba, kai ne mai kai hannu inda idon mai mota ba ya kaiwa. Da ka canza ukun gaba ka rufe, ba mai kama ka, sai dai Zubaida ta kwana a gindin hawa. Mun gode, Allah ya saka maka, ya ba ka hutu mai daɗi. Ku kuma masu sifana a hannu, daga Babura har Gwiwa, kafin ku rufe bonet ku tuna akwai wata jaririya a bayan Roni da ke shan nono yau saboda wani tsoho ya duba ukun baya.