Tokar Gwaggo

Gidanmu a Magajin Gari shi ne na farko a layinmu da aka yi wa bayan gida na ruwa, kuma Baba ba ya gajiya da bayaninsa ko ba a tambaye shi ba. Ramuka biyu ne a bayan ɗakuna. Na farko shafe yake da siminti, nan ƙazanta ke kwantawa ta ruɓe a hankali. Ruwan da ya taso sama sai ya bi bututu zuwa na biyun, wato sokawe, wanda aka bar wa kafofi tsakanin bulo don ƙasa ta tsotse. Dokar Baba ita ce ban da tsumma, ban da leda. Toka kam bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Shekarar da zaman ƙauyukan bakin daji ya gagara, Gwaggo, yayar Baba, ta taso daga wajen Kazage da ƙullin kayanta. Mace ce da ba ta son zama kaya a gidan kowa. Kullum da safe sai ta kwashe tokar murhu ta kai bayan gida ta zuba, yadda ake yi wa masai don kashe wari. Babu wanda ya lura.

Da damina ta yi nisa, ruwa ya daina wucewa, wari ya hana mu zaman tsakar gida. Motar kwasar bayan gida ta ƙi biyo hanyar Kaduna saboda rashin tsaro, sai masu guga da shebur aka samo. Ina tsaye suka ɗaga murfin, ga toka ta daskare a bakin bututu kamar kankare. Baba ya duba, ya waiga ya ga Gwaggo tana tankaɗe a gindin murhu.

"Malam, wannan ai..." in ji babban masu aikin.

"Saiwar mangwaro ce," Baba ya katse shi.

Ya san in ta ji gaskiya, gobe za ta ɗaure kayanta ta koma inda ta baro, in ta kwaɓe ta kwaɓe. Don maganar ta zauna, ya sa aka sare mangwaron da ya shuka da hannunsa. Na ji haushin wannan ƙwarai. Sannan Baba ya sa aka haƙa masai nesa da rijiya, wai shi ya fi sabawa da tsuguno.

Gwaggo ta mayar da tokarta can, ba ta taɓa tambayar komai ba. Amma har ta rasu a gidanmu, duk ta gama alwala, sai ta juye ragowar ruwan butarta a kan kututturen nan.