Ranar da Na Fasa wa Habu Kai

Ranar wata Asabar, ana saura mako guda Kirsimeti, ina aji huɗu a firamare, na fasa wa Habu kai da bokitin ƙarfe a bakin famfon unguwarmu a Koki. Mu kaɗai ne Kirista a lungun. Mama ungozoma ce a asibiti, kuma bayan rasuwar babana muka taso daga ƙauye muka kama ɗaki a gidan Hajiya Yalwa, wata tsohuwa mai tuyar ƙuli-ƙuli. Da jikokinta nake shara da wanke-wanke, mu yi 'yar gala-gala a tsakar gida, in sun tafi makarantar allo ni kuma in zauna haddar ayoyin coci. A shekarar ni aka zaɓa in fito a Maryamu a wasan Kirsimeti, don haka kullum ina yafe da farin mayafin Mama, ina goye da 'yar tsana, ina bitar amsar da zan ba mala'ika. Mama takan ce mini, "Budurwa ce ta haifi Yesu da ikon Allah. In aka cire wannan, bangaskiyarmu ba ta da ƙafar tsayawa."

Habu ɗan Malam Sani baduku ne, ya ɗan girme ni. A layin ruwa ya shure bokitina, ya ce matar da nake kwaikwayo ba ta da miji ta haihu, kowa kuwa ya san sunan irin wannan ɗa. Ya buɗe baki ya faɗi sunan. Ban san lokacin da na ɗaga bokitin ba, sai dai na ga goshinsa ya dare, jini na kwarara kan rigarsa. Yayyensa suka kayar da ni cikin taɓo suna tattaka ni, ɗaya ya buga mini dutse a baki har haƙorina ya karye. Da ƙyar na kuɓuce na faɗa gida.

Kafin la'asar magana ta zagaye unguwa cewa 'yar arna ta zubar da jinin Musulmi. Samari suka cika ƙofar gida da gorori, jifa na sauka kan kwanon ɗakinmu, wani yana riƙe da jarkar kananzir. Mama na dawowa daga aiki suka tare ta, dutse ya tsaga mata kunne, suka ɓalle ƙyauren soro. A nan suka tarar da Hajiya Yalwa tsaye da taɓarya a hannu. Ta ce ba mai wucewa sai Habu ya maimaita abin da ya faɗa a gaban ubansa. Ya ƙi maimaitawa, sai wata jikarta ta faɗi abin da ya ce. Malam Sani, da ke cikin taron, ya juya ya sharara wa ɗansa mari a kan raunin, yaron ya zube. "Nana Maryamu ka yi wa ƙazafi?" in ji shi. "Wadda Allah da kansa ya wanke?" Gororin suka sauka, jama'a suka janye ba wanda ya kalli wani.

A soron nan Mama ta ɗinke goshin Habu, nata kunnen yana ɗiga a wuyan riga. Da ta gama ta ja ni ɗaki ta zane ni da silifa, tana cewa, "Ba da duka ake kare Maryamu ba." Ba a sake taɓa mu ba, amma barci ya ƙaurace wa Mama, kafin damina muka koma Sabon Gari. Hajiya Yalwa ta rako mu har bakin titi tana share ido da gefen zani.

Yanzu an rushe gidan an jera shaguna, kuma 'ya'yana ba su taɓa shiga lungun cikin gari ba. Su da yaran can sai dai su hango juna daga cikin mota. Mu mun ji wa juna ciwo, amma mun san sunayen juna.